Wardi Goma a Ɗakin Fiyano

"To ai barci kika yi, Fominicna," in ji Lukic mai lambu. "Ki daina rantse-rantse, ni ba darakta ba ne."

"Ido na lumshe."

"Ido kika lumshe har da minshari."

"Kai ka ji minsharin? Kana can cikin lambu kana juya taki."

"Rimma ta ji."

"Rimma har abin da ba a yi ba ji take. Miƙo min waccan silifar, ta hagu ce."

"Ba su da hagu, ba su da dama."

"A wurina suna da su."

Lukic ya miƙa mata, ya koma ya jingina da bango yana hura shayinsa. Tasiya Fominicna tana zaune a kan ɗan benci a zauren shiga gidan tarihin, gabanta ƙaton akwatin katako cike da silifar ulu, irin manyan nan masu igiya da kowane baƙo ke ɗaurawa a kan takalminsa kafin ya taka daɓen katakon gidan. Tana haɗa su bibbiyu tana jerawa. Gidan na wani shahararren mai tsara kiɗa ne da ya rasu fiye da shekara ɗari, amma ma'aikata ba sa kiran sunansa. Maigida suke ce masa, kamar ya ɗan fita shan iska ne zai dawo cin abincin rana.

Ba nan ne wurin Tasiya ba. Wurinta yana can ƙarshen baranda, a ɗakin fiyano, kan wata kujera mai dogon baya da ke kusurwa kusa da taga. Shekara ashirin da wani abu ta yi a kanta kafin a tashe ta a farkon bazarar nan.

A wani ƙauye aka haife ta, hayin kogi. Tana gama makaranta ta shiga masaƙar zare ta garin, ta yi ta tsayuwa gaban inji har kunnenta na hagu ya yi nauyi. A can ta haɗu da Arsenti, mai gyaran inji, mutum marar surutu wanda ba abin da yake so kamar ya fasa ƙanƙarar kogi ya zauna kamun kifi. Suka haifi 'ya ɗaya. Lokacin da komai ya rufe a ƙasar, masaƙar ma ta rufe, Arsenti kuma bai daɗe a bayanta ba. 'Yar ta yi aure ta bi miji Sibiriya. Tasiya ta rage daga ita sai ɗaki ɗaya a bene na huɗu da 'yar gonar dankali a bayan gari.

Da ta fara aikin tsaron ɗakuna a gidan Maigida ba ta san komai game da kiɗansa ba. Ɗakin girki aka fara ba ta, inda ba abin da baƙo zai so ya taɓa sai tukwanen tagulla. Daga nan ta koma ɗakin barci, ta yi shekaru tana gadin gadon ƙarfe da hular kwana. Sai da tsohuwar da ke ɗakin fiyano ta rasu sannan aka kai ta can, kuma duk mai tsaron ɗaki a gidan ta san babu kujerar da ta wuce wannan. Ranar farko ta tarar ƙafar kujerar ɗaya ta gaza sauran, da ta motsa sai ta ji ƙwas a kan katako. Ta ninke kwalin shayi ta cusa a ƙarƙashi. Ta warware tsohuwar rigar sanyin Arsenti ta saƙa matashi ta ɗora. Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa takan tsaya gaban hoton da ke saman fiyanon ta ce, "Ina kwana, Maigida. Yau da sanyi," ko ta gaya masa yadda ƙwaro ya yi wa dankalinta.

Ba ta taɓa yi wa baƙo tsawa ba. Tari take yi. Idan hannu ya fara tsallake igiyar da aka gitta, sai ta yi tari ɗaya, busasshe, hannun ya koma aljihun mai shi. Masu zagayawa da baƙi sukan ce da za a sayar da tarin Fominicna a kwalba da duk gidajen tarihin ƙasar sun saya.

Rimma Borisovna kuwa a injin da ke kusa da nata take a masaƙa. Tare suke cin abincin rana, gurasa ɗaya su raba, kokwamba mai tsami ɗaya su gutsura. Rimma ce uwar baftismar 'yar Tasiya. Bayan rufe masaƙa, Tasiya ta gan ta a tashar jirgin ƙasa tana sayar da 'ya'yan furen rana kofi-kofi, ta naɗe ƙafafunta da jarida a cikin takalmi saboda sanyi. Washegari Tasiya ta shiga ofishin daraktan wancan lokacin ta ƙi fita sai da ya ce a kawo matar a gani. Haka Rimma ta samu ɗakin girki.

Rimma ta iya magana da manya, ta san lokacin da ake dariya idan darakta ya yi barkwanci. A hankali ta zama babbar masu tsaro, mai raba ɗakuna. Ta daina cewa Tasya, ta koma Tasiya Fominicna, tana jan sunan kamar tana karanta shi a jikin ƙofa. Tasiya ba ta damu ba. Ta ce kowa da irin kujerar da yake so.

Abin da ya raba su ya faru ne wata rana da aka yi zafi. Kwana ɗaya kafin nan Tasiya ta wuni sunkuye a gonar dankali. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kafaɗarta, mai zagayawa da baƙi tana ta bayani da murya ɗaya, sai idonta ya rufe. Wani ƙaton mutum daga cikin baƙin ya miƙa hannu ta saman igiya ya danna maɓalli ɗaya na fiyanon Maigida. Ƙarar ta zaga gidan duka. Da Tasiya ta buɗe ido, abin da ta fara gani ba mutumin ba ne. Rimma ce tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa a ƙirji, tana kallo.

"Ta ga hannun yana tafiya," in ji Tasiya ga Lukic, ba karo na farko ba. "Tari kawai za ta yi. Ko ni ta taɓa da ƙafa. Ta tsaya ta bari ya danna, sannan ta haura wurin darakta."

"Ƙila ba ta iya tari ba."

"Ni na koya mata."

Darakta ya ce a mai da ita wurin silifa na ɗan lokaci. Saboda wannan ɗan lokacin ne ta bar matashinta a kan kujerar, sauran mata suna karɓa-karɓa suna zama a kai. Bazara ta wuce, aka haƙe dankali, ganye ya fara ja. Ta tare darakta a matakala ta tambaye shi, ya ce rabon ɗakuna ba nasa ba ne, sai abin da Rimma Borisovna ta ce. Tun daga ranar Tasiya ta san abu ɗaya ne tsakaninta da kujerarta, kuma yana sa jan baki yana yawo da makullai a ƙugu.

Ta fara da ƙananan abubuwa. Ta soya fanke mai kabeji a ciki, irin wanda Rimma ke mutuwar so, ta zaga ta ba kowa har da direban darakta, ta wuce Rimma da kwanon a buɗe. Idan Rimma ta gaishe ta sai ta juya mata kunnen hagu. A bas, a layin kanti, a gona, cikin ranta tana ta shirya maganganun da za ta gaya mata gaban jama'a, tana gyarawa tana ƙara gishiri. Amma duk wannan bai matsar da ita ko taku ɗaya zuwa ɗakin fiyano ba, kuma Rimma sai ƙiba take ƙarawa.

"Ki bar wa Allah," in ji Lukic. Ya kurɓe sauran shayin.

"Na bar masa tun bazara. Ayyuka sun yi masa yawa."

Wannan hirar ta safiyar ranar haihuwar Maigida ce, ranar da ta fi kowace girma a gidan. Sau ɗaya a shekara ake ɗage igiya, a buɗe fiyanon, a gayyato wani gwani ya kaɗa. Bana Nonna Feliksovna aka gayyato daga Mosko, tsohuwa da ta haura tamanin, wadda ta sha zuwa a baya. Tasiya ta san ta. Tana tafiya da sanda, hannunta yana rawa idan ta ɗauki kofi, amma da ta aza shi a kan fiyano sai rawar ta tsaya. Kullum bayan an gama tafi takan ƙara wani ɗan gajeren kiɗa mai sanyi, wanda Tasiya ba ta san sunansa ba, ita dai ta san duk lokacin da ta ji shi sai ta ga Arsenti yana dawowa daga kogi da bokiti. Shekara guda take jiran wannan kiɗan. Bana daga zauren silifa za ta ji shi, in ma ya iso.

Da rana ta ɗaga Rimma ta shigo daga kasuwa rungume da damin jan wardi. An yi mata gyaran gashi, ta sa takalmi mai tsini. Ita ce za ta miƙa wa baƙuwar furannin a gaban darakta da mutanen ma'aikatar al'adu, kuma mako guda tana gaya wa kowa. Ta aza damin a kan murfin akwatin, ta bi kawunan da yatsa tana ƙirgawa a fili.

"Tara, goma, sha ɗaya. Madalla." Ta tsoma su cikin bokitin ruwa a kusurwa. "Nan ya fi sanyi. Tasiya Fominicna, ga amana. Ki kula da su." Ta kai bakin ƙofa, ta waiwayo tana murmushi. "Kada dai ki lumshe ido."

Mata biyu masu karɓar rigunan sanyi suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Tasiya ta ci gaba da warware igiyar wata silifa da ta ƙulle.

A ƙasar nan ko yaro ya san yadda ake ba da fure. Mai rai mara ake ba shi: ɗaya, uku, biyar, sha ɗaya. Cika na maƙabarta ne. Ita kanta Tasiya duk lokacin da za ta je wurin Arsenti biyu take saya, mai sayarwa ma ba ta tambayar inda za ta. Wanda ya kai wa mai rai fure cika ya gaya masa magana ba tare da ya buɗe baki ba.

Baƙi suka fara zuwa. Tasiya ta yi ta miƙa silifa, tana durƙusa wa tsofaffi tana ɗaura musu. Wata mata daga ma'aikatar al'adu ta kalli silifar kamar an miƙa mata mataccen kifi, amma ta sa. Da kowa ya shige, masu karɓar riguna ma suka lallaɓa suka bi baranda don su ji. Zaure ya rage daga Tasiya sai bokiti.

Kiɗa ya fara. Daga nan kamar daga ƙarƙashin ruwa yake zuwa, sai ta juya kunnen dama sannan ta kama wani abu. Ta zauna tana kallon wardin, su ma kamar suna kallonta. Ta tuna jaridar da ke cikin takalmin Rimma a tasha. Ta tuna hannuwan nan a harɗe.

Ta tashi ta ɗago damin. Ƙullin ƙyallen da aka ɗaure shi da shi ba wani abu ba ne ga matar da ta yi rabin rayuwarta tana ƙulla zare. Ta kwance, ta zare ɗaya daga tsakiya. Ƙaya ta soke ta a babban yatsa, ta sa a baki ta tsotse. Ta ƙara buɗa sauran don su cike gurbin, ta mai da ƙullin yadda yake. A can ƙasan akwati akwai wata silifa da ba ƙafar da ta taɓa cika ta, ma'aikata suna ce mata jirgin ruwa. Ta lanƙwasa furen ta tura a ciki, ta binne da sauran.

Da aka ɓarke da tafi sai ga Rimma da sauri, silifa tana jan ƙasa a ƙarƙashin tsinin takalminta.

"Ba ni, ba ni."

Tasiya ta girgije ruwan, ta naɗe gindin da takarda, ta miƙa mata da hannu biyu. Rimma ta juya. Tasiya ta bi ta a hankali har bakin ƙofar ɗakin fiyano, ta tsaya daidai inda Rimma ta tsaya a bazara. Daga nan tana hango kujerarta. Wani ɗan jarida ne zaune a kan matashin Arsenti.

Rimma ta yi 'yar gajeriyar magana da ta haddace, ta miƙa furannin. Nonna Feliksovna ta karɓa ta shinshina. Sai leɓɓanta suka fara motsi. Babu tsohuwar da za a ba fure a ƙasar nan ba ta ƙirga ba, ko da a ɓoye. Ta kai ƙarshe ta tsaya. Ta aza damin a cinya, ta sake bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan karon duk layin gaba suna ƙirgawa tare da ita.

"Goma," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin an gina shi ne don ƙaramin sauti ya kai ko'ina. Ta ɗago ta dubi Rimma. "Kin yi min gaggawa, 'yata. Likitana ya ce zan ga bazara."

Wani ya fara dariya daga baya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Tsohuwar ta dogara sanda ta miƙe, ta kai furannin ƙarƙashin hoton Maigida ta ajiye.

"Naka ne," ta ce masa. "Ni tukuna."

Ta yi tofi sau uku ta kafaɗar hagu don kore mugun baki. Sannan ta sa hannu ta rufe murfin fiyanon. Hannun yana rawa sosai, har murfin ya ɗan buga. Ba ta ƙara ɗan kiɗan nan ba.

"Sha ɗaya ne," in ji Rimma. Fuskarta ta yi fari, jan bakin ya fito kamar ciwo. "Na ƙirga da kaina. Sha ɗaya ne." Ta dubi darakta, ta dubi matar ma'aikata, sannan idonta ya kai bakin ƙofa. Tasiya ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta tsaya tana kallo.

Daɗin da ta ji a lokacin ba ƙarami ba ne. Ya taso mata daga tafin ƙafa kamar ta shiga ɗaki mai murhu bayan doguwar tafiya cikin ƙanƙara.

Da baƙi suka fito, Nonna Feliksovna ta zauna a kan bencin zaure, Tasiya ta durƙusa tana kwance mata silifa.

"Ke ce mai tari," in ji tsohuwar. "Na duba kusurwa ban gan ki ba."

"An canja min wuri, Nonna Feliksovna."

"Haka ake yi mana." Ta kalli ƙofa. "Hanyar nan ta yi min nisa. Ina jin baɗi sai su nemi wani yaro."

Tasiya ta ja igiyar ta biyu, ta ƙi kwancewa, sai da ta sa farce. Tsohuwar ta dubi yatsan.

"Me ya same ki a nan?"

"Ƙusa ce a jikin akwati."

"A kula da ƙusa," in ji tsohuwar, ta miƙa hannu aka tashe ta.

Kafin a rufe gida darakta ya kira su biyun ofis. Rimma ta yi kuka har kwalli ya gangaro. Ta nuna Tasiya da yatsa ta ce ita aka bar wa bokiti, ita kaɗai ce a zaure.

"Me za ki ce, Tasiya Fominicna?" in ji darakta. Ya gaji, matar ma'aikata ta riga ta wanke shi tas a gaban mota.

"Ni me na sani? Ai ita da bakinta ta gaya muku ni mai barci ce. Ƙila na lumshe ido wani ya zo ya zare."

"Tasya," in ji Rimma. Rabon da ta kira ta haka an daɗe. "Ni na riƙe 'yarki a coci."

"Na tuna, Rimma Borisovna. Ina tuna komai."

Darakta ya ce ba shi da shaidar kowa. Abin da ya sani shi ne wadda ta miƙa fure ita ya kamata ta ƙirga kafin ta miƙa, kuma daga sama an ce sai an ga wani ya sauka. Ya karɓi makullan daga hannun Rimma.

Ranar da gidan ke hutu Tasiya ta wanke gashi, ta goge farar rigarta mai leshi a wuya, ta je wurin Arsenti da fure biyu ta ba shi labari. Ba ta gaya masa maganar ɗan kiɗan ba. Washegari ta riga kowa zuwa. Ta rataye rigar sanyinta, ba ta ko kalli akwatin silifa ba, ta tsaya gaban madubin zaure tana gyara wuyan riga. Ta riga ta shirya abin da za ta ce wa Maigida.

Lukic ya shigo yana buga takalmi a bakin ƙofa, da kofinsa a hannu. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Aure za ki yi, Fominicna?"

"Aiki zan koma."

"Af." Ya hura shayin, ya daɗe yana hurawa. "Ba ki ji ba ke nan."

"Me zan ji?"

"Jiya na zo ban ruwa, darakta yana nan. Ya ce ba zai kori Rimma ana saura kaɗan ta yi fansho ba. Ta koma mai tsaron ɗaki kamar kowa."

"To ai shi ke nan. Ɗakin girki yana nan inda ta bar shi."

"Haka na ce. Ya ce wadda ta yi shugabanci ba a mai da ita gadin tukwane, mutane za su yi magana. A ba ta ɗaki mai daraja." Ya kurɓa. "Kuma dama akwai kujera ɗaya da ba ta da mai ita tun bazara."

Tasiya ta juyo daga madubi.

"Na ɗan lokaci?"

"Har ta yi fansho. Ke kuma ya ce silifa ba ta taɓa samun tsari irin na yanzu ba, baƙi har yabawa suke. Ya ce kada a taɓa ki."

Ta zauna a kan bencin. Ta daɗe tana kallon akwatin. Daga can ƙarshen baranda ta ji an buɗe ƙofar ɗakin fiyano, ta ji takun da ta sani tun masaƙa, yau babu tsini. Ashe ma ba ita ta riga kowa zuwa ba.

Lukic ya ajiye kofi, ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya fito da wani abu a lanƙwashe. Kan ya yi baƙi ya sunkuya, amma karan da sauran ɗanye.

"Na fitar da silifa shan rana jiya," ya ce. "Na tarar jirgin ruwa ya ɗauko fasinja."

"Jefar da shi."

"Haba. Wardi mai kyau irin wannan? Yanka shi zan yi in dasa a ƙarƙashin kwalba. In ya kama, baɗi sai in ba ki ɗaya. Ko in ba ki biyu?"

"Ka ajiye biyun, za ka buƙace su kafin ni."

Ya yi dariya har da tari, ya mai da furen aljihu. Ta san ba zai gaya wa kowa ba, ta kuma san ba zai bar ta ta manta ba.

A waje wata doguwar mota ta tsaya, hayaniyar baƙin farko ta fara tasowa daga bakin shinge. Tasiya ta buɗe akwatin. Ta zaɓi silifa biyu, ta hagu da ta dama, ta ɗaura a kan takalminta ta ja igiyar da ƙarfi.

"Ina kuma za ki? Ga mutane sun iso."

"Su jira. Matashina zan ɗauko, rigar mijina ce." Ta miƙe ta shafa gaban farar rigar. "Da kwalin da ke ƙarƙashin ƙafar kujerar. Shi ma nawa ne, ni na sha shayin."

"Fominicna, in kika cire ai ko numfashi Rimma ta yi sai duk gidan ya ji ƙwas."

"Sai ta koyi zama," in ji Tasiya.

Ta bi baranda, silifar tana share katako a gabanta.